Ruwan sama ya jiƙa min laftop a hanyar Dang: shinkafa ko mai gyara?

Hauwa'u_Dang
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka min da shawara. Yau bayan la'asar na taso daga Dang zan shigo cikin Ngaundere a kan moto, ruwa ya tare mu a inda babu ko rumfar fakewa. Laftop ɗina HP ce, tana cikin jakar baya. Da na iso gida na zuge jakar, ruwa ne kwance a ƙasanta. Gefen da ake sa caja da ramukan USB duk ya jiƙe, da na karkata ta kuwa sai ga ruwa yana ɗiga ta inda iska ke fita. Ba a kashe take ba, murfin kawai na rufe bayan darasi, ƙaramar fitilar gefe har yanzu tana ƙiftawa. Matar yayana ta ce a binne ta cikin buhun shinkafa, maƙwabcinmu ya ce in fara kunnawa in ga ko ta lalace. Memuwar ɗina na masta, wato kundin bincikena, kaf yana ciki, har da babin da malamina ya riga ya duba. Me zan yi a daren nan?

MaiGyaraYelwa
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye wayar nan ki je ki danne maɓallin kunnawa, ki riƙe shi kamar daƙiƙa 10 har fitilar ta mutu. Yanzu-yanzu, ba sai kin karanta sauran amsoshi ba. Kada caja ta kusance ta. In batirinta na waje ne mai sakata a ƙasa, ki zare shi. Sannan ki dawo mu yi magana.

Idi_Kilando
To ai in ta taɓa maɓallin, farkawa za ta yi. Ba shi ne kunnawar da kuke hanawa ba?

MaiGyaraYelwa
Za ta ɗan yi motsi, amma in ba ta ɗaga yatsa ba za ta mutu gaba ɗaya. Ya fi a bar ta ta kwana a farke da ruwa a cikinta. Wadda aka rufe wa murfi barci take yi, wuta na nan tana yawo.

DanKusiri
Maganar matar yayanki ita ce magana. Wayata ta faɗa cikin randa, na tura ta cikin shinkafa, ga ta nan da ita nake rubuto muku wannan. Kada a ruɗe ki da turancin masu gyara, kuɗinki suke hange.

Goggon_Yara
Da tsadar shinkafar nan? Ku bar wa yara abincinsu don Allah. Sannu Hauwa'u, Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Ke dai ki sha abu mai zafi, kada mura ta kama ki a kan kwamfuta.

Hauwa'u_Dang
Na gode Goggo. @MaiGyaraYelwa na danne, fitilar ta mutu. Amma babu batir a waje, ƙasan a shafe yake, sai ƙananan kusoshi.

MaiGyaraYelwa
Haka na zata, yawancin na yanzu batirinsu a ciki yake. To ki saurara. Cire duk abin da ke jikinta, linzami, kebul, katin ajiya. Goge jikinta da tsumma mai shan ruwa. Buɗe ta rabi ki kifa ta a kan tawul, baki a ƙasa, ta tsaya kamar bukka, amma ki ɗan karkata ta ɓangaren da ya jiƙe ya zama shi ne a ƙasa, don ruwan ya fita ta inda ya shiga. Kada ki jijjiga ta, kada ki hura mata iska da baki. In akwai fanka, ki juya mata daga ɗan nesa. Gobe da sassafe ki kai wa mai gyara ya kwance bayan ya cire wayar batirin daga kan kartmer, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Wannan shi ne aikin farko, ba na biyu ba. In yayanki yana da ƙaramar sukundireba kuma hannunsa ba ya rawa, a daren nan ma zai iya, amma ya ja filogin batirin ta kansa, kada ya ja wayoyin, kuma kada ƙarfe ya taɓa allon.

Malam_Fizik
Bari in ɗan ƙara a kan maganar mai gyara, don mutane su gane dalilin gaggawar. Ruwa tsarkakakke, wanda aka tace har babu komai a cikinsa, wuta ba ta bin sa sosai. Abin da ke ɗaukar wuta shi ne gishiri da ƙasa da dattin da suka narke a ciki. Ruwan sama daga sama ba shi da datti da yawa, amma kafin ya kai ga allon ya wanke jakar, ya wanke gumin baya, ya bi ta kan ƙurar da fankar kwamfutar ta tara tun lokacin hunturu. Wannan ƙurar da kowa ya sani a Marwa da Garwa, ita ce ke mai da shi ruwan laka.

Ɓarna iri biyu ce. Ta farko nan take: ɗigo ɗaya ya haɗa layin da ke ɗauke da volt 19 na caja da wani siririn layi da aka yi shi don volt 1 ko 3, sai wani ƙaramin abu ya ƙone. Ta biyu a hankali take zuwa, kuma ita ce mutane ba sa gani. Muddin batir yana haɗe, ko an kashe kwamfuta akwai sassan da wuta ba ta barinsu, don su ne ke jiran a danna maɓalli. Wuta da ruwa mai gishiri a kan jan ƙarfe, sai ƙarfen ya fara cinyewa, ya bar wani kore-kore ko fari-fari kamar gari. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce ai tawa ta tashi lafiya, bayan wata guda kuma ta daina caji, ya ɗora laifin a kan wutar gari.

Shinkafa ba ta shiga ƙarƙashin allon ta wanke wannan dattin. Ko ta ja danshi, abin da ya narke a cikin ruwan yana nan inda yake.

DanKusiri
Malam, ni dai na gani da idona.

Injiniya_Zara
Yaya DanKusiri, wayarka ta bushe ne don an bar ta ba a taɓa ba. Ko a kan teburi ka ajiye ta za ta bushe. Amfanin shinkafar ɗaya ne, ta hana hannunka kunnawa. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta a shafinsa cewa kada a sa iPhone cikin shinkafa don ɓarɓashinta na iya shiga ya yi ɓarna, a farkon 2024 jaridu suka yi ta yaɗa maganar. Sannan yawancin wayoyin yanzu a liƙe suke da gam. Laftop kuwa ko'ina ƙofa ce: ramukan iska, tsakanin maɓallai, gefen allo.

Amma ni abin da ya fi damuna ba kwamfutar ba ne. Hauwa'u, kina da kwafin memuwar ɗin a wani wuri? Imel, kile (filashin USB), WhatsApp?

Hauwa'u_Dang
Babi na ɗaya da na biyu na tura wa malamina ta imel. Sauran, da duk hirarrakin da na ɗauka a ƙauyuka, suna cikinta kawai.

Injiniya_Zara
To gobe in kin je, kafin a yi maganar ko za ta tashi, ki ce a ciro miki ma'ajiyar a kwafe aikinki. In diski dur ne irin mai inci 2.5 ko kuma SSD siririya mai kusa ɗaya, cirewa ba wuya. Ana sa ta cikin ɗan akwati mai USB a haɗa da wata kwamfuta. Sau da yawa kartmer ya mutu amma ma'ajiya lafiyarta ƙalau. Sharaɗi ɗaya: ita ma a tabbatar ta bushe kafin a ba ta wuta.

Akwai tarko guda da ke kama mutane yanzu. Windows 11 da wasu Windows 10 suna kulle ma'ajiya da BitLocker ba tare da mai ita ya lura ba. In aka ciro ta aka kai wata na'ura, sai ta nemi lambar ceto mai lamba 48. In da asusun Microsoft kike shiga kwamfutar, galibi lambar tana ajiye a can. Ki shiga asusun da wayarki a daren nan ki nemo ta, ki rubuta a takarda. Kada ki bari sai kina tsaye a shago intanet na yi miki gardama. Kuma ko da wasa kada ki yarda wani ya ce bari a yi fomatin a gani, don goge komai yake yi.

Abba_Walia
Allah ya saka, Injiniya. Mu da ambaliyar 2022 ta ci a Injamena mun san wannan. A watan Oktoba ne Shari da Logon suka cika suka shigo mana Walia da Tukra, mutane suna fitar da kaya a kwalekwale. Kwamfutar ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta kwana cikin ruwan. Da aka buɗe ta a wajen wani mai gyara kusa da kasuwar Dembe, laka ce shimfiɗe a kan allon, fankar ta ƙi juyawa ko da yatsa. Ya ce kwamfutar kam a yi mata addu'a. Amma SSD ɗin ya wanke ta, ya shanya, lissafin adashinmu duk ya fito. Da diski mai juyawa ne ban san yadda za mu kwashe da mutane ba, don bashin da ke ciki ya fi kuɗin kwamfutar sau nawa.

Malam_Fizik
Gaskiya ne, diski mai juyawa yana da ɗan ramin numfashi, in ya nutse ruwa na iya shiga. Amma na Hauwa'u ba nutsewa ya yi ba, kada mu tsorata ta.

Idi_Kilando
Ni fa ina ganin masu gyaran waya a bakin kasuwa suna wanke allo da zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin hanya, da buroshin haƙori, kuma waya ta tashi. Lita ɗaya ma ba za ta ƙare ba. Ba sai ta yi haka ba?

MaiGyaraYelwa
Idi, ka tsaya a kan motonka. Fetur yana cin roba da gam, yana barin maiƙo, ga shi kusa da batir. Na san akwai masu yi, har da masu tina ta fenti, kuma shagona suke turo aikin in ya gagare su. Abin wankin allo shi ne alkol izopropilik mai ƙarfin 99, ko aƙalla sama da 90. Na farmasi mai 70 kusan kashi 30 nasa ruwa ne, ka ga an ƙara wa Barno dawaki. Ana zuba shi a kan wurin, a goga da buroshi mai laushi, ya kwashe dattin ya bushe da wuri. Amma ba a zuba shi a kan gilashin allo ko cikin lasifika ba.

Modibbo_Pitoa
Tambaya nake, ba gardama ba. Wannan alkol ɗin in ya taɓa hannu ko riga, mutum zai iya salla da shi?

Malam_Fizik
Modibbo, kai ne za ka faɗa mana ai. Abin da zan iya cewa ta ɓangarena, wannan ba na sha ba ne, guba ne, irin wanda ake goge fata da shi ne kafin allura. Hukuncin kuwa malamai sun yi magana a kai, a tambaye su.

Admin_Sabongari
Jama'a a koma kan kwamfutar baiwar Allah. Mai son waccan mas'alar ya buɗe mata nata zauren.

Hajiya_Domayo
Ni shawarata mai sauƙi ce. Gobe in rana ta fito a shimfiɗa ta a tsakar gida. Ranar ƙasar nan me ba ta busarwa?

Alhaji_Okaziyo
Hajiya, ba kilishi ba ce. Ni sayar da su nake yi, na ga wadda aka shanya a kan kwano a Marwa, robar maɓallai ta lanƙwashe, gilashin ya yi tabo, batirin ya kumbura har ya ɗaga wurin linzamin. Batirin litiyom ba ya son zafi, in ya doshi digiri 60 an shiga haɗari, kuma baƙar roba a tsakar rana tana kaiwa can. Na'urar busar da gashi ma haka, ga zafi ga ta tana tura ruwan ciki. Inuwa da iska, shi ke nan. Kuma Ngaundere ba Marwa ba ce. Can kan tudu ne, damina tun wajen Afrilu har Oktoba, wanki ma yana kwana bai bushe ba. Awa 48 da ake faɗa, a can ni sai in ce a ƙara, kuma a buɗe take bushewa, ba a rufe ba.

Batun garanti kuma kada ma ki fara. Ko sabuwa ce a kwali, garantin da aka saba bayarwa ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa, wasu ma da ɗan farin tambari a ciki da ke komawa ja in ya jiƙe. Balle namu na okaziyo, wato na hannu, da garantinsa bai wuce gwaji a gabanka ba.

Bappa_Tibati
Ni ban yarda da wannan gaggawar kai wa mai gyara ba. Ta bar ta mako guda a ɗaki ta bushe da kanta. Ƙanena ya kai tasa wani shago, lafiyayyar RAM ɗinsa, ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, mai giga 8 ta dawo 4, batirin ma ba nasa ba ne. Da ya yi magana aka ce ruwa ne ya ci. Ruwa yana cin rabin RAM ya bar rabi?

MaiGyaraYelwa
Bappa, akwai ɓarayi a cikinmu, ban musa ba. Amma maganin ɓarawo ba shi ne a bar batir a haɗe mako guda ƙarfe yana cinyewa ba. Ta je da yayanta, a buɗe a gabansu, su ɗauki hoton ciki kafin a taɓa komai: RAM, ma'ajiya, rubutun jikin batir. Ma'ajiyar ta sa a jakarta ta tafi da ita gida. Duk mai gyaran da ya ce ku tafi ku dawo kafin ya kwance kusa ɗaya, ku ɗauki kayanku. Kuma ki lura da wannan, ƙanwata: in kin miƙa masa ya jawo caja zai soka don ya gani, ki riƙe hannunsa. Mai sanin aiki mita yake fara ɗauka ya auna ko akwai inda layi ya haɗe.

Bappa_Tibati
To wannan na ji. Amma ku ma ku rage kuɗin buɗewa.

Idi_Kilando
Kuma ku fasinjoji ku riƙa faɗa mana in da kwamfuta a jaka. In hadari ya haɗo ni ina da leda babba a ƙarƙashin kujera, amma sai mutum ya yi shiru kamar kuɗi ya ɗauko. Wasu ma su ne ke cewa a ci gaba da tafiya, wai yayyafi ne.

Goggon_Yara
Wannan gaskiya ne. Jikata leda biyu take sa wa tata, ta ɗaure baki, sannan jaka. Ƙawayenta suna mata dariya.

Injiniya_Zara
Su yi ta dariya. A ƙara da 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi fari da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a jefa cikin jakar, suna jan danshi. Kuma Google Drive yana ba da giga 15 kyauta. Memuwar gaba ɗaya da hotunansa ba zai cinye ko kusa da haka ba. Ɗalibai ku ji.

Hauwa'u_Dang
Salam. Ga inda aka kwana. Mun je da yayana wajen wani mai gyara ta wajen ƙaramar kasuwa. Ya buɗe a gabanmu, ya cire batir da ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo. Akwai ruwa har lokacin a ƙarƙashin wata baƙar leda da ke rufe allon, kuma kusa da ramin caja wani wuri ya yi fari-fari, ƙafafun wani ɗan abu baƙi guda biyu sun fara kore. Ya wanke da alkol da buroshi. SSD ce a ciki, ya sa ta a akwati, ta nemi lambar nan kuwa, da ma na rubuto ta. Aikina duk ya fito, har hirarrakin, na kwafe a kile na kuma tura wa kaina. Anti Zara, Allah ya biya ki. Kwamfutar tana can a buɗe gaban fanka, ya ce ba zai ba ta wuta ba tukuna. Ya kuma ce akwai alamar ruwa ya shiga gefen gilashin, kuma bai ba da tabbacin maɓallan ba.

DanKusiri
Alhamdulillah. Amma da an sa shinkafa tun daren da yanzu an wuce wurin.

Malam_Fizik
Dare ɗaya kawai har kore ya fito, DanKusiri. Shinkafar ta ina za ta bi ta shiga ƙarƙashin waccan ledar?

Alhaji_Okaziyo
Tabon gilashi wani lokaci yana raguwa da kansa in ya bushe, wani lokaci ya zauna kamar gajimare, ana iya aiki da shi haka. Maɓallai ne abin lura. A ƙarƙashinsu siraran ledoji ne masu layin wuta, in ruwa ya shiga tsakaninsu sai ka danna harafi ɗaya biyu su fito, ko layi guda ya mutu. Wankewa ba ta cika yi ba, sauyawa ake yi. In za a sauya ki ce AZERTY kike so, tunda da Faransanci kike rubutu. Kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola daga Kano ko Legas yawanci QWERTY ne, babu é da ç a jiki. Na AZERTY sai an aiko daga Duwala ko Yawunde, ya fi tsada kuma sai kin jira mota. Kafin nan ki sayi na waje mai USB ki ƙarasa aikinki.

Sale_Yagwa
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Tawa Dell ce, ba ruwan sama ba, shayi ne yaro ya kifar a kan maɓallai, da sukari da madara. Ta bushe, tana aiki, sai dai wasu maɓallan suna mannewa. In bar ta haka?

MaiGyaraYelwa
Taka ta fi ta Hauwa'u haɗari, Sale. Sukari ba ya bushewa ya tafi, yana zama yana jan danshi, damina kuma ga ta. Kwafe kayanka yau, ka kashe ta, ka kai a buɗe a duba ko ya sauka kan allon. Wace Dell ce, Latitude ko Inspiron? Juya ta ka karanto min abin da aka rubuta a ƙasa, don a wasu maɓallan kusoshi ne ke riƙe da su, a wasu kuma a narke suke da murfin sama, sai an sauya shi gaba ɗaya, kuɗin ba ɗaya ba ne.

Bappa_Tibati
Ka ji ko, an fara maganar kuɗi. Sale, ɗauki hoton RAM ɗinka kafin ka fita daga gida.